Tambaya da Amsa: Ƙarfen Takobin Japan, A Goge Shi Ko A Bar Shi?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da muka sa hoton wani ɗan faifan ƙarfe mai zanen tsuntsaye a bugun da ya wuce, muka ce daga jikin takobin mayaƙan Japan na da ya fito, wato samurai, saƙonni suke ta shigowa a kansa. Ga waɗanda fili ya ɗauka.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ina harkar kayan gyaran mota ne na hannu da ake kawowa daga Japan. A wata kwantena yarana suka tsinci ɗan akwatin katako, ciki akwai faifan ƙarfe zagayayye irin na hotonku, faɗinsa kamar santimita 7, tsakiyarsa da dogon rami mai tsini a sama, sai wasu ramuka biyu hagu da dama. Baƙi ne wuluk, da zanen tsuntsu, fukafukin kamar zinare. Mayen ƙarfe baya kama shi. Yarona yace mu sa masa man goge tagulla ya fito fes sai mu kai wa masu zinare su gwada, nace a dakata in tambaya tukuna. Daga wani Alhaji a Kano.

Amsa: Alhaji ranka ya daɗe, wannan "a dakata" da kace ita ta ceci kayan. Ka karɓe man gogen nan daga hannun yaron ka ɓoye, haka samfefa da soson ƙarfe da lemun tsami da toka, kada ko ɗaya ya matso kusa da shi.

Abun da kuka tsinta sunansa tsuba, shine ƙarfen da ke shiga tsakanin ruwan takobi da mariƙinsa. Ramin tsakiyan nan gindin takobin ne yake ratsawa ta ciki, ɓangaren tsinin shine wajen kaifi. Ramukan gefe kuma hanya ce ta wata 'yar wuƙa da wani tsinke da ake sokewa a jikin kube. Tunda kace maye baya kamawa kuma baƙi ne, to ba baƙin ƙarfe bane, in dai ba na zubi bane na kwanan nan ina kyautata zaton shakudo ne. Shakudo jan ƙarfe ne da aka narka da ɗan zinare kaɗan, galibi kashi 3 zuwa 5 cikin 100, kuma in an gama narkawa an buge shi ba zaka bambanta shi da jan ƙarfe na gama-gari ba, sai an dafa shi a wani ruwan magani sannan yake rikiɗa ya koma baƙi mai ɗan shuɗi-shuɗi, su Japanawa da jiƙaƙƙen gashin hankaka suke kwatanta shi. To wannan baƙin fa fata ce kawai a sama, siririya ƙwarai, ko kusa bata kai kaurin gashin kai ba. Minti biyu da man goge ya isa ya tafi da ita, kuna ganin ja ya fara leƙowa shikenan an gama, kun mayar da kayan tarihi ɗan guntun jan ƙarfe. Akwai masu iya dawo da launin amma 'yan ƙalilan ne a duniya, kuma kuɗin aikinsu sau da yawa ya fi kuɗin kayan.

Maganar kai wa masu zinare ma a bar ta. Su gwajinsu sai sun karce a dutse ko sun ɗiga ruwan asid, tabon kuma ba ya fita. Zinaren da ke fukafukin nan ba wani mai yawa bane, ko dai ɗan siririn falle ne aka manna ko kuma shafe ne, in ka narka duka faifan ba zaka fitar da abun kirki ba. Masu sayen irin wannan kaya aikin hannun da launin suke biya.

Abun da zaka yi, ka wanke hannu ka riƙe shi ta baki-baki, ka ɗauki hoto gaba da baya da gefe a hasken rana da rula a kusa. Ka duba gefen ramin tsakiya ko akwai rubutu da aka sassaƙa, nan maƙerin yake sa sunansa in ya sa, da yawa basu sa ba kuma wannan ba aibu bane. Ka duba sama da ƙasan ramin ko akwai 'yan guntayen jan ƙarfe da aka cusa, ana sa su ne don ramin ya matse takobin da aka ɗora shi, alama ce mai kyau cewa ya taɓa hawa takobi. Ƙura kuwa tsumman auduga mai laushi busasshe ya isa, ba mai ba ruwa. Akwatin ma kada a jefar, amma ka taɓa ɗan katakon da ke tsakiyarsa wanda faifan yake zama a kai, wasu da ƙananan ƙusoshi ake kafa shi, in ya girgiɗe ƙusar ce take karce kayan. Da damina a ajiye inda babu danshi.

Kuma Alhaji kada ka fara lissafin sabon gida tukuna. An ƙera irin waɗannan da yawan gaske cikin shekaru ɗaruruwa, mafi yawansu matsakaita ne.

Tambaya: Malam ni ɗalibi ne, ina ganin takubban nan a katun da wasannin kwamfuta. Wai wannan ɗan faifan da gaske yana kare hannu? Naga takobin da kakana ya bari nasa ƙarfen a gicciye yake mai faɗi, kuma ba ya cirewa. Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ƙanena ka lura da abun da ya fi komai muhimmanci, wato "ba ya cirewa". Takobinmu irin na Hausa da Buzaye miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, gindinsa yana ratsa mariƙi a dakushe shi a ƙarshe, an ɗaure kenan har abada. Na Japan kuwa ɗan tsinken gora guda ɗaya ne yake riƙe da komai, mekugi suke ce masa. Ka tura shi waje, ka riƙe mariƙin a tsaye ka ɗan daki wuyan hannunka da ɗaya hannun, sai ruwan takobin ya saki. Daga nan komai zarewa yake ɗaya bayan ɗaya: mariƙi, wani siririn zobe mai suna seppa, tsuba, wani seppa ɗin, sai habaki wanda shine ƙarfen da ya rungume gindin ruwan takobin yake matse shi a bakin kube don kada ya zame.

Shi kansa mariƙin katako ne aka naɗe da fatar wani kifin teku mai ƙurji-ƙurji, aka bi da igiyar siliki a gicciye. Bakinsa akwai zoben ƙarfe, fuchi, ƙarshensa akwai murfi, kashira, su biyun tare ake yinsu da zane ɗaya. Ƙarƙashin igiyar kuma ake cusa wasu ƙananan adon guda biyu, ɗaya kowane gefe, menuki, suna cika tafin hannu riƙon ya zauna, amma abun dariya rabinsu igiya ta rufe, maƙeri ya ɓata makonni a kan abun da ba za a gani duka ba. A jikin kube akwai aljihu biyu, ɗaya na 'yar wuƙar aikace-aikace wadda mariƙinta ake kira kozuka, ɗaya na kogai, wani tsinken ƙarfe na gyaran gashi da susa, ƙarshensa ma da ɗan cokalin sakace kunne.

Kare hannu kam yana karewa, in takobin abokin gaba ya zamo ta kan naka nan zai tsaya. Amma aikinsa na kullum shine hana hannunka zamewa kan kaifi in ka kai suka, da daidaita nauyi. Akwai wuƙaƙe da ma wasu takubban da babu shi kwata-kwata. Tunda dai komai cirewa yake, mutum ɗaya sai ya zama yana da ruwan takobi ɗaya da ya gada amma kayan sawarsa kala biyu ko uku, na zuwa fada daban na yawo daban, in kuma za a daɗe ba a ɗauka ba a mayar da shi farin kube na katako zalla. Shi ya sa ƙirar kayan adon ta zama sana'a mai zaman kanta da kasuwarta, mai ƙera ruwan takobi daban, mai wasa shi daban, mai kube daban, mai naɗin igiya daban, mai tsuba daban.

Tambaya: Salam Malam. Ni maƙerin fari ne, gado na yi, azurfa da tagulla nake aiki. Hoton nan ya hana ni barci, naga baƙi da toka-toka da ja da ruwan zinare duk a faifai ɗaya kuma ance ba fenti bane. Ya suke yi? Mutum zai iya gwadawa? Daga wani maƙeri a Damagaram.

Amsa: Sannu da aiki sarkin ƙira, kai kam zaka fi ni gane wannan bayanin. Sirrin a haɗin ƙarfen yake tun daga tukunyar narki. Baƙin shine shakudo da na yi wa Alhaji bayani a sama. Toka-tokan kuma shibu'ichi ne, jan ƙarfe kashi 3 azurfa kashi 1, in an ƙara azurfar ya yi haske in an rage ya yi duhu, har wasu suna ɗiga masa zinare kaɗan don ya ƙara duhu. Jan kuwa tataccen jan ƙarfe ne, sai wani haɗin mai kama da tagulla, sentoku, da yake fitowa rawaya-rawaya. Maƙerin zai haɗa su duka a faifai ɗaya alhali duk kusan kalarsu ɗaya a ido, ja-ja fari-fari, a kansa kawai yake ganin hoton ƙarshe.

In ya gama sassaƙa sai ya goge da duwatsu masu laushi, ya bi da gawayi, ya wanke duk wani maiƙo tas don ko shatin yatsa ɗaya zai fito a launin. Sai ya tsoma kayan cikin gurzajjen daikon, wani farin tushe ne dogo da suke ci, daga nan sai cikin tukunyar jan ƙarfe mai tafasa da garin rokusho, wani koren gari da ake samu daga tsatsar jan ƙarfe, da shuɗin gishirin nan kofa salfet, wasu su ƙara alif. Yana motsawa yana ɗagowa yana dubawa. A wannan ruwa ɗaya kowane ƙarfe zai ɗauki nasa launin, shakudo ya yi baƙi, shibu'ichi ya yi toka, jan ƙarfe ya yi ja mai duhu, zinare kuwa ko gezau. Wannan ne ya fi burge ni a duk sana'ar, wanka ɗaya kala huɗu.

Shigar da ƙarfe cikin ƙarfe kuma hanya biyu ce babba. Ta farko a haƙa rami da kurfi, ƙasansa ya fi bakinsa faɗi kaɗan, a dasa waya ko falle a buga ya baje ya kama kansa, ba walda ba komai, sai a share ya yi daidai da fuskar faifan ko a bar shi a tashe a sassaƙa shi. Mutanen Kaga, inda birnin Kanazawa yake, sun yi suna a irin shafaffen. Ta biyu a kan baƙin ƙarfe ake yi, a karkarce fuskar da ƙananan layuka a gicciye ta fuska uku ko huɗu har ta yi kaushi kamar saƙa, a ɗora siririn fallen zinare a danna ya maƙale a haƙoran. Nunome kenan, a Kumamoto da Kiyoto har yau ana yi. Bayan nan sai su sa ƙarfen ya yi tsatsa da gangan, su dafa shi a ruwan shayi tsatsar ta mutu ta koma baƙi, zinaren ya fito sarai. Ita wannan ta biyun ta fi saurin ɓarewa, shi ya sa zaka ga tsofaffi zinaren ya zube wuri-wuri.

Sai nanako, ƙwan kifi, wanda in ka ga aikin da kyau sai ka ji tausayin idon mai yi. Fuskar shakudo ce ake cikewa da ƙananan ƙwayoyi a tashe, kowace bata kai milimita 1 ba, kuma kowace ɗaya bugu ɗaya ce da ɗan kurfi mai rami a baki, layi bayan layi a miƙe. Kozuka tsawonta bai cika santimita 10 ba, faɗi kamar ɗaya da rabi, amma ƙwayoyin da ke kanta dubbai ne, in hannu ya kauce sau ɗaya layin ya karkace kowa zai gani.

Akwai kuma mokume-gane, a jera fallayen ƙarfe kala-kala a gasa su har su manne, a fafe a buga ya baje sai ya fito da zane irin na jikin katako. Ana danganta shi da Shoami Denbei na Akita, 1651 zuwa 1728, kuma yanzu masu ƙera zoben aure a Turai da Amurka sun ɗauke shi.

Gwadawa kam zaka iya, shibu'ichi ya fi sauƙin farawa tunda kana da azurfa, sai dai jan ƙarfen ya zama tsantsa, in da dalma ko tutiya a ciki launin zai yi dabbare-dabbare. Ruwan dafin guba ne, tukunyarsa daban, a fili, nesa da yara. Abu ɗaya da zan roƙe ka kada ka kwaikwaya shine shafen zinare da zaiba da suke yi a da, a kwaɓa zinare da zaiba a shafa a gasa zaibar ta tashi. Hayaƙin nan yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda.

Tambaya: Malam ni abun da ban gane ba, mutanen da aka ce mayaƙa ne marasa tsoro me ya haɗa su da zanen furanni da zomo da ƙwari a jikin makami? Daga wata malamar makaranta a Katsina.

Amsa: Malama ai yawancin masu kyan nan da kike gani ba su taɓa ganin filin daga ba. Na zamanin yaƙe-yaƙe, ƙarni na 15 da na 16, galibi baƙin ƙarfe ne siriri, ɗan huji ɗaya ko biyu da siffar fure ko mazari, wasu da ɗigon tagulla, masu ƙera sulke da takubba ake danganta su da su. Shi mazari suna son sa ne don a ganinsu gaba kawai yake tashi baya ja da baya.

Amma daga 1603 da gidan Tokugawa suka karɓi mulki har 1868, wato zamanin Edo, ƙasar ta zauna kusan babu yaƙi sama da shekara 250. Samurai suka koma ma'aikatan ofis da masu karɓar haraji, amma dole kullum a fita da takubba biyu a ɗamara, dogo da gajere, sune shaidar matsayi. Gashi hukuma tana yawan kafa dokar hana almubazzaranci a tufafi. To mutum yana da abun hannu, kullum takobi na ƙugunsa, mariƙin yana gaba daidai inda idon wanda ke gabansa zai sauka, ina kike ganin kuɗin zai tafi?

Gidan da ya riƙe wannan harka a fada shine gidan Goto. Kakansu Goto Yujo, 1440 zuwa 1512, ya yi wa shogun (shugaban sojan da ke mulkin ƙasar) Ashikaga Yoshimasa aiki, zuriyarsa suka ci gaba har magada 17, suna bin duk wanda ya hau, Ashikaga, Toyotomi, Tokugawa. Salonsu sananne ne, baƙin shakudo mai ƙwan kifi, a kai zaki ko diragon na zinare a tashe, kuma sun fi yin saiti mai uku, kozuka da kogai da menuki. Babban mutum in zai shiga fadar shogun a Edo, wato Tokiyo ta yau, da baƙin kube da kayan Goto ake son ganinsa. Har manyan kuɗin zinaren nan na oban da Toyotomi Hideyoshi ya sa aka buga a 1588 su suka yi. Aikinsu babu makusa wajen tsafta, amma ni dai in na kalli goma a jere sai in fara hamma, zakin kaka shine zakin jika.

Wanda ya fasa wannan shine Yokoya Somin, 1670 zuwa 1733. A salon Goto ya taso yana cin albashin hukuma, sai ya ajiye ya koma yi wa mutanen gari aiki. Ya shahara da yanka da kurfi a karkace, layi ɗaya ya fara da kauri ya ƙare siriri kamar an ja da burushin mai zane, dama abokin mai zanen nan ne Hanabusa Itcho. Attajiran 'yan kasuwa an yarda su rataya gajeren takobi, kuɗi kuma a hannunsu yake ba a hannun samurai ba, sai kasuwar maƙeran gari ta buɗe. Nan aka samu su Nara Toshinaga da Sugiura Joi da Tsuchiya Yasuchika, da Omori Teruhide mai raƙuman ruwan teku da ake fafe ƙarƙashinsu har su tashi daga jikin faifan. Zane kuma ya zama na komai, tatsuniya, karin magana, masunci a ruwan sama, ɓera a kan buhun shinkafa, biri yana miƙa hannu zai kamo wata a cikin ruwa.

Wani ɓangaren kuma sam ba ruwansu da ƙyalli. A Higo, yankin Kumamoto, gidan Hosokawa da suka koma can a 1632 mutanen shan shayi ne na al'ada, dattijonsu Hosokawa Sansai almajirin babban malamin shayi Sen no Rikyu ne, sai maƙeransu irin su Hayashi Matashichi da Hirata Hikozo suka bi wannan ɗabi'ar ta sauƙi, baƙin ƙarfe mai kyan fata da huji mai ma'ana, zinare ɗan kaɗan ko babu. Gogaggun masu tara kayan nan da yawa a ƙarshe nan suke komawa.

Ƙarshen abun a 1876 ya zo, sabuwar gwamnatin sarki Meiji ta hana yawo da takobi sai soja da ɗan sanda da mai kayan fada. Dare ɗaya maƙera suka rasa masu saye. Wasu suka koma yin tulunan ado da akwatin taba da kan bel don Turawa, tsofaffin tsuba da kozuka aka riƙa kwasarsu da araha ana lodawa a jirgi daga Yokohama, a Turai har mariƙin wuƙa da cokali mai yatsu na teburin cin abinci aka yi da kozuka. Ƙalilan ne suka tsira da mutunci, kamar Kano Natsuo, 1828 zuwa 1898, sunan gidansu ne Kano ba garinmu ba, shi ya tsara diragon ɗin da ke kan sulallan yen na farko, daga baya ya koyar a makarantar zane ta Tokiyo.

Tambaya: Malam naga ana sayar da su a intanet, wani dala 30 wani dala 3,000 kuma duk an rubuta tsohon kaya na zamanin Edo. Ina so in sayi ɗaya ko biyu in ajiye, ya zan gane na gaske? Daga wani ma'aikaci a Abuja.

Amsa: Ɗan'uwa na dala 30 mai diragon da zinare ko'ina da sa hannun babban maƙeri, jabu ne, ka wuce kawai. Yawancin jabun zubi ne, an kwafi na gaske a ƙasa ko kakin zuma an zuba narkakken ƙarfe, shi kuwa na asali bugawa aka yi aka yanke da kurfi da magagari. Ka buɗe hoton sosai ka leƙa cikin ramukan da gefen baki, zubi yana barin siririn layi inda ɓari biyu na mazubin suka haɗu, da 'yan ramukan kumfa, kuma zanen duk a dakushe yake kamar ya ɗan narke, har sa hannun ma a dakushe. Zinaren in fenti ne zaka ga ya haura kan layi ya malala, na gaske gefensa a yanke yake tsaf. Ramin tsakiya in ya zama murabba'i ko wata siffa da ruwan takobi ba zai zauna ba, magana ta ƙare. Sannan ka nemi irin zanen a wasu shagunan, in ka ga guda biyar iri ɗaya sak har da tabo a wuri ɗaya, ai ka samu amsa.

Akwai kuma tsohon gaske mai sa hannun ƙarya, wannan tun zamanin Edo ake yi. Sunayen manyan maƙera irin Nobuie da Kaneie da Somin da Soten na Hikone an buga su a kan kayan da masu sunan ko a mafarki basu gani ba. Shi ya sa ake neman takardar shaida ta ƙungiyar adana takubban Japan, NBTHK ta Tokiyo, wadda aka kafa a 1948 lokacin da sojojin mamaya na Amurka ke ƙwace takubba. Matakan takardarta 4 ne daga ƙasa zuwa sama, Hozon, Tokubetsu Hozon, Juyo, Tokubetsu Juyo, kuma takardun tsohon tsarin da aka soke a 1982 masu saye basa basu nauyi sosai. Takardar ma ana buga ta bogi, ka gwada hoton da ke manne a jikinta da kayan, tabo da tabo.

Shawarata ka fara da baƙin ƙarfe marar sa hannu na zamanin Edo daga dillalin da ya yarda a dawo masa da kaya, irin waɗannan ana samu a 'yan ɗaruruwan daloli ko ƙasa. In ya zo da jar tsatsa a wani lungu, da ɗan guntun ƙashi ko ƙaho ake kankarewa a hankali sai a bi da tsumma, baƙar fatar ƙarfen kuwa ba a taɓa ta, kuma kada ka karce cikin hujin ya yi fari. Masu furen ceri na tagulla da zaka gani da yawa, na takubban hafsoshin sojan Japan ne na shekarun 1930 zuwa 1945, aikin masana'anta ne, suna da masu sonsu amma ba su ake nufi da aikin samurai ba.

Tambaya: A ina mutum zai ga masu kyan da idonsa? Daga wata 'yar'uwa mai karatu a Ingila.

Amsa: Ƙanwata kina kusa da su ma. A Landan akwai gidan tarihi na Victoria and Albert da British Museum, a Oxford kuma gidan Ashmolean yana da tsuba sama da 1,000 da masanin kimiyyar sinadarai Arthur Church ya tara. A Amurka akwai Metropolitan a New York da gidan kayan fasaha na Boston, inda tarin William Sturgis Bigelow yake. A Japan akwai babban gidan tarihi na Tokiyo, da gidan takubba na NBTHK a unguwar Sumida, da ɗan ƙaramin Kiyomizu Sannenzaka a Kiyoto wanda ya fi ƙarfi a aikin ƙarshen Edo da Meiji. Kaɗan ne ake fitarwa a gilashi, sauran suna ma'aji, don haka ki duba shafinsu na intanet kafin ki hau jirgin ƙasa, mu na gida ma a nan zamu gani tunda da yawansu sun sa hotunan kyauta kuma ana iya buɗe su har a ƙirga ƙwan kifin. Shiga gidajen nan uku na Ingila kyauta ne.